Sawun Marigayi a Cikin Tawada

Auta ce ta fara ganinsa. Ta sauko daga bene da safe za ta buɗe maɗaba'a kamar kullum, sai ta tarar da ƙofar ciki a sakaye, ƙwan lantarki ɗaya na ci a can ƙurya. Baba Mai Inji, tsohon ma'aikacinsu, yana kwance rigingine a gefen babban injin, hularsa ta faɗi can, jini ya daskare a ƙeyarsa. Yana numfashi, amma ta kira shi ta girgiza shi bai motsa ba. Galan ɗin tawada ya kife kusa da shi, baƙar tawada ta malale a siminti. Daga bakin tawadar sawu ya tashi, ya ratsa tsakanin injina har ƙofar baya: takun hagu cikakke, na dama a jaye, ga ɗigon gindin sanda yana biye.

Babu wanda bai san mai jan ƙafar dama a unguwar ba. Mahaifinta ne, mai maɗaba'ar, wanda ɓarin jikinsa ya shanye shekarun baya. Kuma babu wanda bai raka gawarsa ba a watannin da suka wuce.

Kafin motar asibiti ta bar layin, mutane sun cika bakin ƙofa. Ba wanda ya yarda ya shiga. Wasu suna cewa marigayi ne bai kwanta ba, wasu suna cewa matacce ba ya tafiya sai an tayar da shi, kuma an san wanda ya fi kowa kusa da jikinsa. Da aka ga Mai Jinya, mutumin da ya kula da marigayi har ƙarshe, ya leƙo daga ɗakinsa na baya, sai hayaniyar ta koma kansa. 'Yan sanda suka sa shi a mota kafin duwatsu su fara tashi.

Mai Sawu ya iso da hantsi tare da Shugaba. Ita ce ke riƙe da sashen nazarin bayanai na ofishin bincike, kuma ita ce ta ɗauko shi daga gandun daji inda ya tsufa yana bin ɓarayin namun daji. Ta gaji ne da rahotannin da kowane yake maimaita ra'ayin wanda ya fara rubutawa, shi ya sa ta shiga neman mutanen da sana'arsu daban ce: shi, da wata likitar jijiyoyi da ta yi ritaya, har ma ta je ta zauna da masu hasashen yanayi ta koyo wata ɗabi'a tasu da ta addabi kowa da ita a ofis.

Cikin maɗaba'ar da duhu ko da rana. An lulluɓe ƙananan injina da tsofaffin zannuwa, sun tsaya jere kamar mutanen da suka juya baya. Warin tawada da na man inji ya cika wurin. Mai Sawu ya cire takalmansa, ya durƙusa, ya kwantar da tocila a ƙasa don haske ya bi simintin a kwance.

Ya bi sawun da ido, taku bayan taku.

"Mutum ne," ya ce daga baya. "Yana da nauyi, dunduniyarsa tana cin ƙasa. Nan suka yi kokawa, tsohon ya zame ya bugi ƙarfen, galan ya kife. Shi kuma ya taka tawada."

"Sai ya gudu?"

"Abin da ya dame ni ke nan, ranki ya daɗe. Bai gudu ba. Ya ga ƙafarsa ta ɓaci, ya san dole ya bar sawu, sai ya zaɓi irin sawun da zai bari. A hankali ya tafi, yana jan ƙafa, yana dogara sanda." Ya matsa gaba da gwiwa. "Ki dubi nan. Ya tsaya, ya juyo, ya kalli tsohon yana zubar da jini. Sannan ya ci gaba da tafiyarsa."

Shugaba ta ja mayafinta ta gyara, duk da ba sanyi ake yi ba.

Sawun ya fita ta ƙofar baya yana dusashewa, ya mutu a wani ɗan tsakar gida. Daga nan hanya biyu ce: ɗakin Mai Jinya, ko matattakalar da ke hawa gidan iyalin.

Hajiya, matar marigayi, tana zaune a falo a kan darduma, labule a sake. Ta amsa gaisuwarsu a hankali.

"Na ji shi," ta ce, tun kafin a tambaye ta. "Ba yau kaɗai ba. Wajen asuba nake jin sandar a ƙasa, ƙwas, sai jan ƙafar. Na san ba daidai ba ne mutum ya ce haka. Ina yin addu'a in na ji. Amma ban taɓa jin tsoro ba, Malam."

"Takalmansa da sandarsa suna ina, Hajiya?" in ji Mai Sawu.

"Sanda biyu gare shi. Ɗaya tana ɗakina. Ɗayar da takalman suna ɗakinsa, ban sake shiga ba. Mai Jinya ne ke share ɗakin."

Auta ta fi mahaifiyarta magana. Ita ke tafiyar da maɗaba'ar tun da uban ya kwanta. Ta ce sawun ya taɓa bayyana a cikin farar hodar da suke barbaɗa wa takarda, kuma tun daga nan ma'aikata suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Mai yankan takarda ya ce matarsa ta hana shi, mai ɗinkin littattafai ko sallama bai yi ba.

"Baba Mai Inji fa?"

"Shi dariya ma ya yi. Ya ce in Maigida ne ai ba baƙo ba ne, tare suka kafa wurin nan. Sai ya koma zuwa tun duhun asuba yana zama kusa da injin, wai yana so su gaisa. Na ɗauka zolaya yake yi."

Yaya Babba, ɗan farin gidan, ya same su a baranda. Dogon mutum ne mai ladabi, ya kawo musu ruwa da hannunsa. Ya ce shi a ƙasar waje yake aiki, bai samu jana'iza ba, ya zo ne bayan an share makoki ya zauna da mahaifiyarsa.

"Ba na son in ɗora wa kowa," ya ce. "Amma Abba ya rasu, aikin jinya ya ƙare, mutumin nan har yau yana ɗakin baya. Baba Mai Inji ya taɓa yi masa magana a kan haka, suka yi sa-in-sa, kowa ya ji. Ku tambayi Auta."

Auta ta ce gaskiya ne, an yi.

A ɗakin tsaro Mai Jinya yana zaune a ƙasa, gefen fuskarsa a kumbure. Ƙaton mutum ne mai tattausar murya. Bai musa komai ba. Makullin ɗakin marigayi yana hannunsa. Sun yi cacar baki da tsohon. Takalman da sandar kuwa ya neme su ya rasa tun kwanaki.

"Me ya hana ka faɗa?" in ji Mai Sawu.

"Wa zan gaya wa, Baba? In ce wa Hajiya takalman mijinta sun fita da kansu? Ko in ce an sace, alhali ni ne mai makulli?"

"Makullin a ina yake kwana?"

"A ƙusa, bayan ƙofar kicin. Kowa ya sani."

"Me ka tsaya yi a gidan?"

Ya sunkuyar da kai. "Hawan jinin Hajiya. Ba ta shan magani sai an tsaya a kanta. Ita ce ta ce kada in gaya wa yaran."

Mai Sawu ya dubi ƙafafun mutumin. Girmansu ya yi daidai da sawun.

Washegari suka zauna a ofis, hotunan sawun a shimfiɗe a kan tebur. Likita ta shigo a makare da jakarta da kofin shayinta, ta zauna a kujerar da ta fi kowace laushi kamar yadda ta saba.

"Mai Jinya ne," in ji Mai Sawu. "Makulli nasa, faɗa nasa, ƙafa tasa. Sawun ya mutu a bakin ɗakinsa. Sannan wanda ya yi wannan tafiyar ya san ta. Jan ƙafar bai canza ba daga farko har ƙarshe. Sai wanda ya yi shekaru yana riƙe da mutumin."

"Cikin goma, nawa?" Shugaba ta tambaya.

Wannan ce ɗabi'ar da ta koyo. Masu hasashen yanayi, in ji ta, ba sa cewa za a yi ruwa kawai, sai sun faɗi ƙarfin tabbacinsu, kuma gobe sama za ta nuna ko sun yi daidai. Mai Sawu ya tsani tambayar.

"Tara."

"To ɗayan da ya rage wa ka bar wa?"

"Na bar wa Allah, ranki ya daɗe."

Likita ta yi dariya har shayinta ya fallatsa. "Malam Mafarauci, da a asibiti kake da tuni ka yanke wa mutum ƙafa. Mu in maras lafiya ya zo, ba a yarda mu kira sunan ciwo ɗaya ba. Sai mun jera duk abin da zai iya zama, sannan mu nemi gwajin da zai raba su. Zazzaɓi ba ya raba komai, kowane ciwo yana kawo shi. Makullinka zazzaɓi ne, a ƙusa yake, kowa zai iya ɗauka. Faɗa ma zazzaɓi ne. Girman ƙafa kuwa, ai girman takalmi ka auna."

"Hajiya Likita, ni ba ciwo nake nema ba, mutum nake nema."

"To gaya mini abin da za ka gani in ba shi ba ne."

A daji Mai Sawu bai taɓa yi wa kansa wannan tambayar ba. In ya hau sawu, binsa yake yi har ya ƙare.

Likita ta jawo hotunan, ta sa tabarau. Ta jera su a tsaye yadda tafiyar ta tafi, ta bi su da ɗan yatsa. Dariyar ta bar fuskarta.

"Wane gefe aka ce ya shanye?"

"Dama."

"Ƙafa kaɗai, ko har hannu?"

Shugaba ta ce ɓarin jiki gaba ɗaya, haka Auta ta faɗa.

"Wannan ɗigon sandar a wane gefe yake?"

Mai Sawu ya leƙa. "Dama. Kusa da ƙafar da ke ja."

"Da wane hannu ya riƙe ta?"

Mai Sawu ya jawo hoton gabansa.

"Na yi rayuwata ina kallon irin waɗannan mutane suna tafiya a barandar asibiti," in ji Likita. "Hannun da ya mutu ba ya riƙe sanda. A mai lafiyar ake riƙe ta, can ɗaya gefen. Kuma ba jan ƙafar suke yi a miƙe kamar wanda aka ɗaure wa dutse ba. Gwiwa ba ta lanƙwasawa, sai su wurga ƙafar waje ta zagayo, kan takalmin yana goge ƙasa. Abu na farko da ake koya wa mai jinya ke nan. Wannan tafiyar ta wanda aka ba labari ce."

Mai Sawu ya daɗe yana kallon hoton. Shi ne ya auna kowane taku, ya ga inda mutumin ya tsaya ya waiwaya, amma sandar ya wuce ta, don bai taɓa bin sawun dabbar da ke dogara sanda ba.

"Wannan faɗar littafinki ce," ya ce a ƙarshe. "Wataƙila shi marigayin nasa daban ne. Hannun ya ɗan warke, ko ya saba da wata hanya."

"Wataƙila," in ji Likita. "Ban taɓa ganinsa ba. Za ka iya nemo mini tafiyarsa ta gaske?"

"Mutumin da ya yi shekaru yana bin hanya ɗaya," ya ce yana miƙewa, "ba ya rasa barin wani abu."

Da la'asar suka koma maɗaba'ar, shi da Likita. Bai sake bi ta kan tawadar ba. Ya tambayi Auta hanyar da mahaifinta ke bi kullum, ta nuna musu wani siririn lungu da ya taso daga gindin matattakala zuwa ƙaramin ofishinsa. An shafe ƙasan lungun da jan fenti tun da daɗewa. Ofishin yana rufe, rigar aikinsa tana rataye a bayan gilashin ƙofa, kafaɗunta a tsaye kamar da mutum a ciki. Auta ta ce za ta jira su a waje.

Mai Sawu ya kashe ƙwan lungun, ya kwantar da tocila.

Da farko ba a ganin komai. Can sai suka fito, sirara-sirara a jikin fentin: ƙarce-ƙarce masu lanƙwasa kamar jinjirin wata, ɗaruruwa, wasu a kan wasu. A ɗaya gefen kuma dabbare-dabbaren baƙar roba, inda gindin sanda ya yi ta sauka.

"Layi biyu ne," ya ce ƙasa-ƙasa. "Na zuwa da na komowa. In zai tafi ofis, ƙarcen yana dama, sandar tana hagu. In zai dawo su juya." Ya shafa fentin da tafin hannu. "Ga mutumin nan. Allah ya jiƙansa."

Likita ta ce amin. Sannan ta nuna masa matattakalar: ƙarfen riƙo biyu ne, ɗaya a kowane bango, kuma ɗayan sabo ne, an ƙara shi daga baya.

"Hannu ɗaya gare shi," ta ce. "Na hawa daban, na sauka daban."

Mai Sawu ya zauna a kan matakin farko. "Duk wanda ya zauna da shi ya san wannan, ko bai san ya sani ba. Ma'aikata sun gan shi, maƙwabta sun gan shi. Saura in nemi wanda yake da hanyar ƙusar kicin, amma bai taɓa ganinsa a tsaye ba."

Suka kira Auta. Ya tambaye ta, kamar hira, ko yayanta ya kan zo gida lokacin jinyar.

"Yana kira ta waya mai hoto," ta ce. "Abba ba ya yarda ya gan shi da sanda. Sai an zaunar da shi a kujera, an sa masa hula, an ɗora masa hannun a cinya. Yaya ya sha cewa zai zo. Aiki ya yi masa yawa."

A hanya Shugaba ta kira shi a waya, ta yi tambayarta.

"Yayan nake zargi yanzu. Shida," ya ce. "Ba zan sake cewa tara ba sai na gani da idona."

Da safe aka taru a cikin maɗaba'ar. An kawo Mai Jinya da ɗan sanda a gefensa. Hajiya ta sauko a karo na farko tun rasuwar, Auta na riƙe da ita, aka ba ta kujera nesa da tawadar. Yaya Babba ya tsaya a bayanta, hannunsa a kan makarin kujerar. A waje mutane sun manne da tagogi, inuwarsu ta ƙara rage hasken.

Mai Sawu ya roƙi Hajiya sandar da ke ɗakinta, aka kawo. Ya ajiye ta a kan teburin yankan takarda.

"Ku gafarce ni da abin da zan roƙa," ya ce. "Ni ban san marigayi ba. Ina so in auna tazarar takunsa in gwada da wannan sawun, in san tsawon wanda ya yi shi. Kowa zai ɗan nuna mini tafiyarsa yadda ya san ta. Taku kaɗan ya isa."

"Wannan ba wasa da mamaci ba ne?" in ji Yaya Babba.

"Akwai mai rai a asibiti," Shugaba ta ce, "da wani a tsare."

Hajiya ta ɗaga hannu. "A yi."

"Babba shi zai fara," in ji Mai Sawu, ya ja da baya.

Yaya Babba ya ɗan tsaya. Ya dubi sawun da ke ƙasa, ya dubi sandar. In ya ƙi, kowa zai tambayi dalili. In ya yi daban da sawun, to me ya sani da ba a gaya masa ba? Ya miƙa hannun dama ya ɗauke ta.

Ƙwas. Sai jan ƙafar a siminti, doguwa, a miƙe. Ƙwas. Ƙarar ta bi tsakanin injina ta dawo. Wata mata a bakin taga ta ja da baya tana salati. Bai yi tuntuɓe ba, bai yi jinkiri ba, jikinsa ya riga ya saba.

Mai Jinya ne ya fara ɗago kai, bakinsa a buɗe. Auta ta saki hannun mahaifiyarta.

Hajiya kuwa idonta a rufe yake. Tana saurare.

"Ita ce," ta ce. "Ƙarar da nake ji ke nan."

Ta buɗe ido, ta ga sandar a hannun daman ɗanta. Ta daɗe tana kallon hannun.

"Amma ba tafiyar mahaifinka ba ce. Na so ta zama ita ce, shi ya sa ban saurara da kyau ba. Hannun nan nasa ko cokali ba ya ɗauka. Ni nake ba shi abinci." Muryarta ba ta tashi ba. "Da ka zo ka gan shi ko sau ɗaya, da ka sani."

"Umma, ai sawun na kalla na kwaikwaya. Kowa zai iya..."

"Daga inda ka tsaya ba a ganin ɗigon sandar," in ji Mai Sawu. "Na sa an jera kwalaye a gabansa tun kafin ku sauko. Jan ƙafar kaɗai ka gani. Sannan ina roƙon Hajiya ta ba mu izini mu duba ɗakinka. Tawadar nan ba ta fita daga roba ko daga fata, komai wanki."

Sandar ta suɓuce ta faɗi. Yaya Babba ya jingina da injin da ke bayansa, zanen da ke kai ya zame ya sauka a kafaɗarsa, bai cire ba.

Maganar ta fito a gutsure. Aikin waje ya daɗe da ƙarewa, bai gaya wa kowa ba. Ya riga ya yi wa wani mai saye alkawarin ginin. Auta ta ce muddin akwai ma'aikaci ɗaya a ciki ba za a rufe wurin Abba ba. Shi bai yi niyyar taɓa kowa ba, so yake su watse da kansu, kuma sun watse, sai tsohon nan.

"Na shigo na same shi a zaune cikin duhu," ya ce. "Da ya ji sandar sai ya miƙe tsaye. Ya gyara hularsa. Ya ce, Maigida, barka da asuba. Sai ya kunna wuta. Ya kama rigata yana kiran sunana. Ture shi kawai na yi."

"Ka tsaya ka waiwaya," in ji Mai Sawu. "Ka gan shi."

Yaya Babba ya kawar da kai.

An sami takalman da ɗaya sandar a cikin akwatinsa, a naɗe da tawul. Ɗan sandan ya kwance Mai Jinya, ya juya wajen ɗayan. Hajiya ta kira Mai Jinya ya matso, ya durƙusa a gabanta. Ta dubi kumburin fuskarsa, ta ce ya yafe musu. Ya ce babu komai, ya tambaye ta ko ta sha maganin safe. Ta ce ba ta sha ba.

Mai Sawu ya fita bakin ƙofa ya gaya wa mutanen cewa babu fatalwa, babu asiri, kowa ya kama gabansa. Ba su tafi ba, sun dai buɗe hanya.

Ana cikin fitar da Yaya Babba wayar Auta ta yi ƙara. Ta duba, ta ce asibiti ne. Kowa ya tsaya. Ta kara a kunne, ta ce eh, ita ce. Ta saurara. Sannan ta zauna a ƙasa a inda take, gefen rigarta a cikin busasshiyar tawada, ta fara salati a hankali. Baba Mai Inji ya cika.

Yaya Babba yana bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a waje. Ya juyo ya dubi ƙanwarsa, ya dubi babban injin.

"Shi yake goya ni a nan in Abba yana aiki," ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba.

Ɗan sandan ya taɓa kafaɗarsa, suka fita cikin mutane.